Kwalliya ko Saƙo? Muhawarar Rubutu a Fuskar Wayar Tebur

Duk wanda ya taɓa zama gaban ma'aikacin banki, ko ya tsaya a teburin karɓar baƙi na babban otal, ya ga irin wayar nan mai faffaɗan ƙirji da ƙaramin gilashi a goshinta. Da yawa na ɗauka tsohuwar wayar tangaraho ce aka yi wa sabon fenti. Ba ita ba ce. Ƙaramar kwamfuta ce da aka sa wa hannun waya, tana jone da layin sadarwar ma'aikata, kuma ba lambar mai kira kaɗai gilashinta ke nunawa ba. Akan rubuta mata manhajoji na musamman: kundin lambobin ma'aikata, jadawalin masu aikin dare, farashin canjin kuɗi na ranar, sanarwar gobara.

A kan wannan ɗan gilashi ne wata muhawara ta taso tsakanin masu rubuta manhajojin, ta kuma ƙi ci ta ƙi cinyewa fiye da shekara 20. Sabon shiga yakan zo da zumuɗi, ya maimaita tambayoyin da na gabansa suka yi. Yaya zan sa wannan layi ya yi kauri? Yaya zan mai da wancan ja? Ina hanyar ƙara girman haruffa, ko tsayar da take a tsakiya? Idan wayar ta kamfanin Cisco ce, amsar gajeriya ce kuma ba ta da daɗin ji: babu hanya. Sai ya koma yana ƙorafin an ɗaure masa hannu, an miƙa masa kayan aikin zamanin da.

A ganina wannan ƙorafi ya kauce wa inda ciwon yake. Rashin launi da kaurin haruffa ba shi ne babban aibin rubutu a wayar tebur ba. Sau da yawa ma shi ke ceton mai karatu daga hannun mai son burgewa. Abubuwan da suka cancanci a ɗaga murya a kansu biyu ne: rubutun da mai raunin ido zai iya karantawa ba tare da ya sunkuya ba, da haruffan da za su rubuta sunan mutum daidai. Su kuwa waɗannan biyun aka fi yin shiru a kansu.

Sai an san asalin abu kafin a yanke masa hukunci. A 1998 Cisco ya sayi wani ƙaramin kamfani na jihar Texas a Amurka mai suna Selsius Systems, ɗaya daga cikin na farko-farko da suka ɗora muryar waya a kan layin kwamfuta. Daga wannan ciniki aka samu wayoyin 7940 da 7960, waɗanda suka cika ofisoshin duniya a farkon shekarun 2000. Fuskarsu ba ta da launi, kuma a ƙasanta akwai maɓallai huɗu da aikinsu ke sauyawa gwargwadon kalmar da ta bayyana a samansu.

Idan ma'aikaci ya danna maɓallin hidimomi, wayar takan aika buƙata zuwa babbar kwamfutar ma'aikata ta hanyar HTTP, wato hanyar da shafukan intanet ke bi. Amma abin da ake dawo mata da shi ba shafin intanet ba ne. Ɗan taƙaitaccen bayani ne a tsarin XML, kuma tilas ya dace da ɗaya daga cikin 'yan siffofin da kamfanin ya ƙayyade: na rubutu zalla, na jerin zaɓi, na shigar da bayani, na kundin lambobi, na hoto. Na rubutun sunansa CiscoIPPhoneText, kuma gurabensa a ƙirge suke. Akwai take a sama wanda bai wuce haruffa 32 ba, akwai gangar rubutu da ke iya kaiwa haruffa 4,000, akwai ɗan layin umarni a ƙasa, shi ma 32, sai sunayen maɓallai. A cikin gangar rubutun, abin da aka yarje wa marubuci shi ne ya sauka sabon layi ko ya bar tazara. Inda layi zai karye, da girman harafi, da siffarsa, duk wayar ce ke yanke hukunci. Jerin zaɓi iyakarsa 100, kundin lambobi kuwa suna 32 a shafi guda.

Abin lura shi ne, ko da aka fito da wayoyi irin 8841 da 8861 masu fuska mai launi inci 5, ɗigo 800 a faɗi da 480 a tsayi, siffar rubutun ba ta sami alamar kauri ko ta launi ba. Ke nan ba gilashin ne ya gaza ba. Amfanin hakan a fili yake: manhajar da aka rubuta sau ɗaya za ta yi aiki a tsohuwar wayar da ke ɗakin ajiya da sabuwar da ke teburin manaja, kowace ta tsara rubutun daidai fuskarta.

Masu ƙorafi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ba duk kalmomi ne nauyinsu ɗaya ba. A jadawalin asibiti, sunan likitan da ke bakin aiki yanzu ya fi na wanda zai karɓe shi gobe muhimmanci, to don me za su fito da kama ɗaya? Jarida na da kanun labarai, kwalin magani na da jan gargaɗi. Wayar ofis ce kaɗai za ta zama saniyar ware?

Amsar tana cikin yanayin da ake karanta wannan fuska. Wayar tebur ba a tafin hannu take ba. Tana can gefe, nisan kamu biyu ko fiye, a jingine, hasken fitilar rufi na walƙiya a gilashinta. Mai karatun hannunsa ɗaya na riƙe da kan waya, kunnensa na sauraron wani, wataƙila ga abokin hulɗa tsaye a gabansa yana jira. Ba karatu yake yi ba, waige yake yi. Irin allon nan ne da 'yan kamasho ke ɗorawa a kan mota a tasha: sunan gari ɗaya ko biyu, a gan shi daga nesa, a san inda za a nufa. Wanda ya cika shi da zane da launi bakwai bai taimaki fasinja ba.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa wanda aka hana launi an hana shi nuna fifiko. Wuri ma fifiko ne. Abin da ya zo a take ya fi abin da ke ƙasa, layin farko ya fi na biyar, layin da aka bar wa fili sama da ƙasa ya fi wanda aka cusa cikin cunkoso. Kwatanta manhajar da ke buɗewa da “Barka da zuwa sashen bayanan ma'aikata, muna farin cikin sanar da ku jadawalin wannan mako” da wadda takenta ke cewa “Aikin dare, Talata”, layinta na farko kuma “Ɗakin haihuwa: 214”. Ta farkon ta cinye rabin fuskar da gaisuwa. Ko an ba ta jan launi da manyan haruffa, nas ɗin da ke neman lamba da tsakar dare sai ta gangara ƙasa kafin ta samu. Ta biyun ba ta da kwalliya ko ɗaya, amma ta gama aikinta a kallo guda. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Haka ma maɓallan ƙasa. Kalma ɗaya mai aiki, irin “Kira” ko “Koma” ko “Fita”, ta fi jimlar da wayar za ta datse wa wutsiya. Shi kuwa wanda ya ga an ba shi filin haruffa 4,000 ya ce sai ya cika shi, ya manta cewa wani zai yi ta danna kibiyar ƙasa har yatsansa ya gaji. Dogon bayani gara a sassare shi ya zama jerin zaɓi, mai nema ya faɗa kan abin da yake so kai tsaye.

Mai shakkar cewa rubutu tsirara zai iya ɗaukar babban aiki, ya dubi wayar da ke aljihunsa. A Najeriya da Nijar da Ghana, miliyoyin mutane na tura kuɗi, su sayi kati, su duba ragowar asusunsu ta lambobin nan masu farawa da tauraro, wato USSD. Saƙo ɗaya a wannan tsari bai wuce haruffa 182 ba. Babu kauri, babu launi, babu hoto. Duk da haka ɗan kasuwar da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba yana bin jerin ya gama cinikinsa, don an tsara shi lamba-lamba, zaɓi ɗaya a layi ɗaya. Inda irin wannan jeri ya rikita mutane, ba rashin fenti ne ya rikita su ba, muguwar jerawa ce.

Sai kuma masu wayo. Su sun lura cewa an hana kwalliyar rubutu amma ba a hana hoto ba, don haka sai su sa babbar kwamfuta ta zana rubutun da irin haruffan da suke so, ta aika wa wayar a matsayin hoto. A tsofaffin wayoyi, siffar CiscoIPPhoneImage na karɓar hoto mai ɗigo 133 a faɗi da 65 a tsayi, da matakan duhu huɗu kacal. A wayar 7970 mai launi, siffar CiscoIPPhoneImageFile na karɓar hoton PNG mai ɗigo 298 da 168. Dabarar tana aiki, kuma ranar da aka nuna wa shugabanni takan sha tafi.

Kwalliyar tana biyan kuɗin sabulu kuwa? Lambobin da ke sama su kansu sun ba da amsa. Kowane samfurin waya da girman hotonsa, don haka ma'aikatar da ke da wayoyi iri uku sai ta zana kowane saƙo sau uku, ta kuma sa manhaja ta riƙa tantance wace waya ce ke tambaya. Hoto ba ya karya layi. Idan sunan wani ma'aikaci ya fi na sauran tsawo, ko dai a guntule shi ko a ƙanƙance haruffa har su zama kamar ƙafar sauro. Rubutun da ya fi fuska tsawo wayar kan bari a gangara a karanta, hoto kuwa iyakarsa ke nan. Ya fi rubutu nauyi a kan layi, abin da reshen da ke fama da raunin intanet zai ji a jikinsa. Ranar da aka sauya wayoyi, duk aikin ya koma ɗanye. Idan kuma hoton ya ƙi buɗewa, ba rabin saƙo ake rasawa ba, duka ne. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Ba wai hoto haramun ne ba. Taswirar ƙofofin fita daga bene, ko zanen hawa da saukar yawan kira a cibiyar amsa wayar abokan hulɗa, ko tambarin ma'aikata a lokacin da wayar ke zaune ba aiki, duk waɗannan gurbin hoto ne na halak. Abin ƙi shi ne a ɗauki kalmomi a mai da su hoto don kawai a sami jan layi.

Akwai ƙanwar wannan dabara, wato jera rubutu sahu-sahu ta hanyar danna tazara har lambobi su daidaita kamar a jadawali. A wayar da mai manhaja ya gwada, komai ya miƙe. A wata wayar da faɗin haruffanta ya bambanta, sai sahu ya karkace, farashin dala ya koma ƙarƙashin sunan fam. A wurin da ake hulɗa da kuɗi, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Abu ɗaya a layi ɗaya, suna sannan lamba, shi ne ba ya ba da kunya a kowace waya.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce: ai wasu kamfanonin sun buɗe ƙofar, kuma sama ba ta faɗo ba. Gaskiya ne. Aastra na ƙasar Kanada, wanda ya haɗe da Mitel a 2014, ya tanadi siffar rubutu mai tsari da ke ba marubuci damar zaɓen girman layi da inda zai tsaya, hagu ko dama ko tsakiya. Yealink na birnin Xiamen a ƙasar Sin, da aka kafa a 2001, yana da makamanciyarta mai suna YealinkIPPhoneFormattedTextScreen, inda kowane layi ke iya ɗaukar girma da matsayi da launi. Polycom, wanda Plantronics ya saya a 2018 kafin HP ya haɗiye su duka a 2022, wata hanya ya bi: ya sa wa wayoyinsa ƙaramar manhajar buɗe shafuka mai fahimtar wani yanki na XHTML, daga baya manyan wayoyinsa na VVX suka sami wadda ta fi ta ƙarfi.

A nan dole a raba tsaki da tsakuwa. Girman layi abu ne mai amfani na gaske, kuma a wannan gaɓa na fi ganin hikimar Aastra da Yealink a kan ta Cisco. Ma'aikacin da ya haura shekara 50, wanda tabarau ya zame masa dole, ba kwalliya yake nema ba idan ya so lambar ɗaki ta fito da girma. Mataki biyu ko uku na girma, a hannun marubuci mai hankali, ya isa ya raba muhimmi da mai bi masa. Wannan buƙata ce ta halal, kuma ya kamata masu sayen waya su nace a kanta.

Launi kuwa wata magana ce. Na farko, yana aiki ne kawai a wayar da fuskarta ke da launi, alhali ƙananan wayoyin da aka fi saye da yawa, waɗanda ake ajiyewa a ɗakunan otal da wuraren masu gadi, galibi baƙi da fari ne. Saƙon da ma'anarsa ta rataya a kan ja da kore, idan ya sauka a irin wannan waya, ya zama kurma. Na biyu, ba kowane ido ke rarrabe launi ba. A tsakanin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan namiji 1 cikin 12 na da matsalar rarrabe launuka, galibi ja da kore, kuma babu al'ummar da ta kuɓuta daga ita gaba ɗaya. Shi ya sa ƙa'idojin WCAG 2.0 da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 suka hana a dogara da launi kaɗai wajen isar da ma'ana, suka kuma nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. An rubuta ƙa'idojin ne don shafukan intanet, amma idon da ke karanta shafi shi ne ke karanta waya. Mai son ja ya sa ja, amma ya rubuta kalmar “Gaggawa” tukuna.

Inda za a gane nauyin wannan magana shi ne ranar tashin hankali. A watan Disamba na 2013, a wani masauki da ke garin Marshall na jihar Texas, an kashe wata mata mai suna Kari Hunt. 'Yarta mai shekara 9 ta yi ta danna lambar neman agajin gaggawa ta 911 a wayar ɗakin, kiran bai fita ba, don tsarin wayar masaukin na buƙatar a fara danna 9 kafin a sami layin waje. Wannan ne ya haifar da dokar da aka sa wa sunan Kari, wadda aka rattaba wa hannu a 2018, ta fara aiki a watan Fabrairu na 2020. Ban da tilasta kira kai tsaye, dokar ta buƙaci tsarin ya sanar da wani wuri na tsakiya, kamar teburin karɓar baƙi ko ofishin masu gadi, cewa an kira 911, kuma saƙon da ke faɗowa a fuska na cikin hanyoyin da aka amince da su. Akwai kuma manhajoji irin InformaCast na kamfanin Singlewire, da makarantu da asibitoci ke amfani da su wajen tura rubutu da murya zuwa wayoyin tebur masu yawa a lokaci guda.

Me mai gadin da wannan saƙo ya faɗo wa yake buƙata? Bene na nawa, ɗaki na nawa, me ya faru. A wannan daƙiƙa babu wanda ke tambayar siffar haruffa. Ana so saƙon ya fito a kowace waya, tsohuwa da sabuwa, ya fito da sauri, muhimmin abu ya kasance a layin farko. Rubutu tsirara shi ke cika waɗannan sharuɗɗa uku. Kuma a nan ne ƙananan kurakurai ke zama manya. A tsarin XML, alamar & da alamar < suna da ma'ana ta musamman. Idan sunan wani sashe na ɗauke da ɗayarsu kuma mai manhaja bai sauya ta yadda ƙa'ida ta tanada ba, wayar za ta ƙi shafin ɗungurungum, ta nuna saƙon kuskure a maimakon gargaɗin. Lokacin da aka ɓata wajen neman launi, da a nan aka kashe shi da ya fi.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Takardun Cisco na masu rubuta manhaja sun bayyana siffar rubutun a matsayin mai nuna haruffan ASCII, tsarin da aka ƙirƙira a Amurka a shekarun 1960 don Ingilishi. Faɗaɗa shi da aka yi zuwa ISO-8859-1 ya shigo da haruffan Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ da ake rubutawa a Nijar. Su kuwa haruffa masu ƙugiya suna cikin rubutun bokon Hausa tun shekarun 1930, kuma tsarin Unicode ya ba kowannensu lambarsa tun farkon shekarun 1990. Sababbin wayoyi na fahimtar tsarin UTF-8 na Unicode, amma fahimtar lambar harafi daban, samun siffarsa a cikin haruffan da aka zuba wa wayar daban. Inda babu siffar, abin da ke fitowa shi ne alamar tambaya ko ɗan akwati. Hausa kuma ba ta cikin harsunan da Cisco ke fitar wa ƙunshin harshe na wayoyinsa.

Sakamakon shi ne, a kundin ma'aikatan wani banki a Kano ko wata ma'aikata a Maraɗi, Ɗanjuma zai iya fitowa da akwati a farkon sunansa, sanarwar “A fita ta ƙofar gabas” kuma ta fito da rami a tsakiyarta. Mafita mafi sauƙi da akan bi ita ce a cire ƙugiyoyin, a rubuta yadda wayar ke so. Haka ake yi a saƙon tes, inda harafi ɗaya mai ƙugiya ke rage saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, mutane suka saba da rubuta harshensu a gurguje. Amma abin da mutum ya zaɓa don tsimin kuɗin kati daban yake da abin da ma'aikata ta sa a kundinta na dindindin.

Za a ce ai ofisoshin Najeriya da Ingilishi suke aiki, na Nijar da Faransanci, to wa ke rubuta Hausa a wayar tebur? Sunaye fa? Sunan mutum ba ya zama Ingilishi don an ɗauke shi aiki a banki. Sunayen garuruwa da unguwanni da rassa fa? Sannan su wa ke kusa da wayar idan dare ya tsala? Masu gadi, masu shara, masu tura marasa lafiya, waɗanda da yawansu Hausa ta fi saurin shiga kansu. Kuma matsalar ba ta Hausa kaɗai ba ce. Fulfulde na da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ, Yarbanci da Igbo na da haruffa masu ɗigo a ƙasa. Kamfanin da ya iya sa wa waya kyamara da fuska mai launi bai rasa wurin ajiye 'yan haruffa ba. Bai ga mai nema ba ne kawai, kuma wanda bai yi kuka ba ba a san yana jin yunwa ba.

Saura hujja ta ƙarshe, ta masu cewa duk wannan gardama ce a kan gawa. Wayar tebur ta kusa zama tarihi, in ji su. Ma'aikata sun koma kira ta kwamfuta da wayar hannu, sababbin wayoyin tebur ma, irin na Microsoft Teams, Android ke cikinsu, inda launi da haruffa ba su da iyaka. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman a Najeriya, inda zuwan GSM a 2001 da durƙushewar NITEL suka sa tsara guda ta tashi ba ta san wayar girke ba. Amma akwai wuraren da wayar ta mutum ba ta dace ba, sai ta wuri: teburin nas, ɗakin otal, ƙofar masana'anta, kantar banki. Ma'aikaci ya tashi wani ya zauna, wayar na nan, ba caji ake jira ba, ba a kuma tafi da ita gida ba. Irin waɗannan wayoyi kan daɗe suna aiki, don haka abin da aka saya bana da shi za a zauna shekaru. Ita ma wayar Android ba ta sauya nisan tebur da ido ba, ba ta kuma rage wa mai karɓar baƙi hayaniya ba. Ta dai ƙara wa mai manhaja hanyoyin yin ɓarna idan bai san abin da yake yi ba.

Saboda haka nauyin ya rabu gida uku. Masu rubuta manhaja su fara rubuta saƙon a takarda, su cire duk kalmar da ba ta aiki, su gwada shi a mafi ƙanƙantar wayar da ke ma'aikatar kafin babba, su kuma tsaya daga nesa su karanta, ba su kifa fuska a kan gilashi ba. Kamfanonin ƙera waya su ba da mataki biyu ko uku na girman rubutu a kowace siffa, su zuba cikakkun haruffan boko na harsunan Afirka a wayoyinsu. Jami'an sayayya na bankuna da asibitoci da jami'o'i kuwa su ne ke riƙe da wuƙa da nama, don su ke sa hannu a takardar kwangila. Kafin su amince da samfuri, su sa dillali ya shigar da suna mai ƙ da ɗ da ɓ a kundin lambobi, ya tura sanarwar gaggawa ta gwaji da Hausa zuwa ƙaramar waya da babba, sannan a kira ma'aikaci mafi tsufa a ofishin ya karanta daga kujerarsa. Wayar da ta nuna akwati a maimakon harafi, a rubuta hakan a rahoton tantancewa, a kuma sa gyaransa cikin sharuɗɗan biyan kuɗi.